Ɗan Ganyen Tagulla: Abin da Na Gano Game da Yaƙin Farin Birni

Da sakatare ya nemi in yi magana a wannan zama, kasancewar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ta ƙarato, sai na ce masa ni ba masanin tarihi ba ne, malamin aji biyar ne. Ya ce ai shi ma malamin aji biyar ɗin yake nema. To, ga abin da ya sawwaƙa.

Da ambaliyar damina ta 2022 abin ya faro. Duk wanda ke zaune tsakanin Auyo da Kirikasamma bai manta da wannan shekara ba. Bayan ruwa ya janye an koma makaranta, wata ɗalibata ta zo da gwangwanin alewa mai tsatsa, ta ce kakarta ce ta tsamo shi daga ɗakin da ya rushe, kuma tana son a karanta mata abin da ke ciki. Na buɗe, na tarar da mindodi guda uku da wani ɗan littafin sallama na soja da ruwa ya cinye rabinsa. Biyu daga cikin mindodin taurari ne masu tsini shida, ta ukun kuma zagayayya ce kamar tsohon kuɗi, kyallenta ya koɗe, an maƙala masa wani ɗan ƙarfe mai siffar ganye. A gidan an tashi da labarin cewa mahaifin wannan tsohuwa ya ci tauraron jarumta a yaƙin Bama. Ni ma ban tsaya tambaya ba, na ɗaga tauraron a gaban aji na ce wa yara su dubi lambar jarumi. Kuskure na yi, kuma sai da aka yi wata uku kafin in san na yi shi.

Tauraron Bama lambar halarta ce. Duk sojan da ya yi aiki a wannan fage tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945 yana da haƙƙinta, daga janar har mai dafa abinci, kuma irin waɗanda muke gani a gidajenmu ba su da suna a jiki. Lambobin jarumta daban suke. Wadda aka fi bai wa ƙananan sojoji ita ce MM, ta azurfa, kuma a gefenta ake buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa. Sama da ita akwai DCM, can ƙoli kuma VC. Da na gane haka jikina ya yi sanyi, domin na riga na faɗa wa yara arba'in da wani abu abin da ba haka yake ba, ga kuma tsohuwa tana jiran amsa.

Littafin sallamar ne ya cece ni. Lambar sojan ta tsira daga ruwa, haka ma sunan rundunarsa: bataliya ta 12 ta Rajimantin Najeriya. Wannan layi ɗaya ya buɗe ƙofa, domin tarihin bataliyar sananne ne. A 1943 aka kwashi Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a jiragen ruwa, aka zaga da ita ta kudancin Afirka zuwa Indiya. Tambarinta gizo-gizo ne, wato dai Gizon tatsuniya, wanda mutanen Gana ke kira Anansi. Yawancin rundunar ta nufi kwarin Kogin Kaladan, amma aka cire birged guda mai bataliya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, dukkansu na Najeriya, aka miƙa wa Janar Orde Wingate, mai dakarun da ake kira Cindit. Aikin waɗannan dakaru shi ne a sauke su ta sama a tsakiyar kurmi, can bayan sojojin Japan, su datse musu hanya. Wanda ya taɓa wucewa ta Barikin Cindit a Zariya, to daga nan sunan ya fito, kamar yadda Dalet da Kalapanzin na Kaduna suke sunayen wurare a Bama.

An fara saukar da su a ranar 5 ga Maris 1944. Cikin makonni biyu mutanen Birgediya Michael Calvert suka kama wasu 'yan tuddai a Henu, kusa da garin Mawlu, daidai kan layin dogon da ya tashi daga Mandalay zuwa Myitkyina. Ta wannan layi ne Japanawa ke kai abinci da harsashi ga rundunarsu da ke fafatawa da sojojin Sin da na Amurka a arewa. Mu da muka san abin da tashar Malam Madori take a wajen gyaɗar ƙasar nan a zamanin da, ba sai an yi mana dogon bayanin abin da toshe layin dogo ke jawowa ba. Aka kewaye tuddan da waya mai ƙaya da nakiyoyi, aka haƙa ramuka aka rufe su da katakon layin dogon. Komai daga sama ake jefo musu, kuma laimomin da ake sauke kayan da su suka riƙa maƙalewa a kan dogayen itatuwa har dajin ya yi fari fat. Shi ya sa sojojin suka sa wa wurin suna Farin Birni.

A nan ne na ajiye littafi na ɗan yi shiru. Tun ranar da na fara zuwa gaishe da tsohuwar, na tambaye ta ko mahaifinta yakan ba da labarin yaƙi. Ta ce, "Malam, ba ya so. Abu ɗaya nake tunawa, in ya ga an shanya fararen kaya a kan darni sai ya ce a kwashe, wai ya zauna a garin da itatuwa ke sanye da likkafani." A lokacin na ɗauka maganar tsufa ce, na rubuta ta ne kawai don ladabi. Ashe ita ce shaida mafi ƙarfi da na samu, kuma babu ita a kowace takarda.

A watan Afrilu aka shigar da 'yan Najeriya wannan fage. Daga 6 ga wata Japanawa suka taso wa sansanin gadan-gadan, kusan kowane dare har wajen mako biyu. Da yamma su yi ruwan igwa, in duhu ya yi su rugo kan waya, gari ya waye a tarar da gawarwaki rataye. Ba a iya fita a binne su saboda nakiyoyi, ga zafin bazara, har waɗanda suka rubuta tarihin wurin suka ce matuƙan ƙananan jirage da wari suke gane sun iso. Ba a ci sansanin da yaƙi ba. Umarni ne ya zo daga sama, a farkon Mayu suka fice cikin dare suka nufi arewa, damina ta same su a hanya. Wannan damina ta cinye mutane ƙwarai: zazzaɓin cizon sauro, atini, matsattsaku, taɓo har gwiwa, alfadarai suna faɗuwa da kaya. Sai a watan Agusta aka fitar da su. Ku tuna waɗannan samari ne da suka tashi a ƙasar da ake hango raƙumi tun yana nesa, aka kai su inda mutum ba ya ganin abin da ke taku biyar a gabansa.

Yanzu sai maganar lambobi, wadda ita ce ta fi cin lokacina. Lambar jarumta takarda ce kafin ta zama ƙarfe. Dole wani hafsa ya ga abin da aka yi ko a ba shi labari, ya zauna ya rubuta, takardar ta bi hannu-hannu daga kanar zuwa birgediya zuwa janar, kowa yana iya amincewa ko ya rage darajarta ko ya soke, daga ƙarshe a buga sunan a jaridar gwamnatin Ingila, London Gazette. In takarda ta ɓace a hanya, jarumtar ta ɓace. Akwai misali daga wannan wuri na Henu. A faɗan kama tuddan a watan Maris, wani hafsan Japan ya sare hannun hagun Laftana George Cairns da takobi. Cairns ya kashe shi, ya ɗauki takobin ya ci gaba da faɗa har ya faɗi, daga baya ya cika. An rubuta takardar neman a ba shi VC, amma tana cikin jirgin da ya faɗi da Janar Wingate a ranar 24 ga Maris. Shekaru suka wuce shiru. Sai da aka ba da labarin a gidan rediyon BBC, matarsa ta ji, ta bi ta hannun ɗan majalisarta, aka sake tattara shaidu, sannan aka ba shi lambar a 1949.

Ban kawo wannan don in rage wa Cairns komai ba, ya cancanta. Amma ku dubi abin da ya dawo masa da haƙƙinsa: mace mai karatu, rediyo da ke magana da harshenta, da wakili da za ta rubuta wa wasiƙa. Matar farabiti daga Guri ko Kafin Hausa a 1949, wa za ta rubuta wa, kuma da wane harshe? A duk tsawon yaƙin babu ɗan Najeriya ko ɗaya da aka bai wa VC. An ba da MM da DCM ga waɗansu, kuma akwai irin su Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a hannun Jamus a Kamaru, ya dawo rundunar Ingila, ya ci MM, ya je Bama, yau ga bariki da sunansa a Lakwaja. Amma irinsa nawa muka sani? Wani ɗan abokina da ke karatu a Ingila ya taimaka ya ɗauko mini hotunan wasu shafuka na kundin yau da kullum na rundunonin, a ma'ajiyar tarihi da ke Kew a Landan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake kiran hafsoshi Turawa da sunayensu, namu kuwa sau da yawa adadi ne: an kashe kaza, an raunata kaza.

Ga kuma matsalar suna. Akawun ɗaukar soja yakan rubuta sunan yanka ya liƙa masa sunan gari, shi ke nan an sami Audu Kano, Musa Katsina, Garba Haɗeja. Garin ma ba lalle ne ƙauyen mutum ba, sau da yawa sunan masarauta ne, kuma Haɗejar kanta an rubuta ta iri-iri, har da Hadeija. Wasu samarin da suka gudu daga gida suka shiga soja ma sunan ƙarya suka bayar don kada iyaye su biyo sawu. Saboda haka wanda ya shiga bincike da suna kaɗai zai sha wuya a banza. Lambar soja ita ce linzami. Da ita ake duba takardun shawarar ba da lambobi, jerin da ake kira WO 373, waɗanda ana iya nema ta intanet ko da wayar hannu. Da ita kuma ake duba rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, ga wanda nasa bai dawo ba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai namu a ciki. Mai son karatu ya nemi littafin John Hamilton, War Bush, na 2001, da na Barnaby Phillips na 2014 a kan Isaac Fadoyebo, wanda wasu Musulmin ƙauye a Arakan suka ɓoye shi watanni yana jinyar rauni. Biyi Bandele kuma ya gina ƙagaggen labarinsa, Burma Boy, a kan wannan Farin Birni, mahaifinsa ma tsohon sojan Bama ne.

Saura ɗan ganyen nan da na raina. Ina cikin duba hotunan mindodi sai na ga irinsa sak. Ganyen wani itace ne na Turai da ake kira ok, na tagulla, kuma ba ado ba ne. Alama ce ta cewa babban kwamanda ya ambaci sunan soja a rahotonsa ga hukuma saboda wani abin yabo da ya yi. Ita ce mafi ƙanƙanta a jerin, ba ta da minda tata, sai dai a maƙala ta a kyallen wata. Na kwana uku ina bin jerin sunaye a London Gazette, data na ƙarewa ina sake saye, har na kai ga sashen rundunar Afirka ta Yamma a wata fitowa ta bayan yaƙi. Ga lambarsa nan, ga muƙamin kofur, ga sunansa da Hadeija a liƙe. Layi ɗaya ne tak. Irin wannan ambato ba a buga dalilinsa, kuma takardar da hafsansa ya rubuta ba ta cikin waɗanda aka adana. Iyalan sun roƙi kada in faɗi sunan a taro, na kuwa yi musu alkawari.

Na fara da ajina. Na tsaya a gabansu na ce ranar nan na faɗa muku abin da ban bincika ba, ga daidai. Wani yaro a baya ya ce, "Malam, ashe kai ma kana faɗuwa jarrabawa." Na ce ƙwarai kuwa. Daga nan na tafi wajen tsohuwar da hoton shafin a waya. Na ce, "Inna, tauraron nan kowa ya samu. Wannan ɗan ganyen shi ne nasa." Ta karɓa ta juya shi a tafin hannu, ta ce sau biyu tana niyyar ɓalle shi ta yar, don yana yage mata kyallen. Sai ta tambaye ni me ya yi aka ba shi. Na ce takarda ba ta faɗa ba. Ta ce, "To, shi ma bai faɗa ba."

Abin da nake roƙon reshe ƙarami ne. 'Ya'yan waɗannan sojoji yau sun haura saba'in, takardun kuma suna cikin ɗakunan ƙasa a bakin fadama, inda ruwa ke shiga duk bayan 'yan shekaru. Kowane malami ya tambayi ajinsa ko akwai gidan da ke da minda ko littafin sallama. Kada a karɓo kayan, kada a goge su da toka ko lemon tsami, kada a cire komai daga jikin kyalle. A je gidan da sallama, a ɗauki hoton gaba da baya da gefe, a kwafe lambar soja da bataliya, sannan a zauna a rubuta duk abin da tsofaffi suka tuna, har wanda ya yi kama da shirme. Na buɗe rajista, tana wajen sakatare, kuma zuwa yau gidaje huɗu ne a ciki.