Bushewar Fata Bayan Ɗaukewar Jinin Al'ada

(Wannan jawabi ne da wata ɗiyar garinmu, tsohuwar ungozomar asibiti, ta yi a taron ƙungiya a Yamai. Mun buga shi yadda ta faɗe shi, domin a karanta wa iyayenmu na gida.)

 

Da aka ji abin da zan yi magana a kai, wasu sun ce a sallami maza tukuna. Na ce a bar su su zauna, don su ne masu sayen sabulu, su ne kuma masu aika kuɗi gida. In akwai abin da kunya ta hana, zan rage murya, amma ba zan tsallake shi ba.

Ina yarinya, akwai wata gwaggona da ta kai wajen shekara hamsin, sai ƙaiƙayi ya kama ta. Ƙwaurinta ya yi fari kamar an barbaɗa toka, da dare tana susa har jini ya fito. Wasu suka ce ƙazuwa ce, wasu suka ce kishiya ce ta yi mata sammu, wasu ma suka fara raɗe-raɗin kuturta. Aka ware mata ƙwarya da tabarma, aka hana jikoki hawa cinyarta. Ita kuwa, don kada a ce ƙazanta ce, sai ta riƙa wanka sau uku a yini da sabulun wanki da soso mai kaushi, abin yana ta ƙaruwa. Sai da na yi karatun aikin likita na gane ba abin da ke damun baiwar Allah nan sai bushewar fata, kuma wankan da take yi shi ne ke hura wutar. Ta rasu ba ta sani ba. Don ita na yarda na tsaya gabanku yau.

Ga yadda abin yake. A gefen mahaifa akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu, su ne ke fitar da wani sinadari da likitoci ke kira estorojin. Shi ke tsara zuwan al'ada, amma aikinsa bai tsaya nan ba: yana taimakon fata ta riƙe ruwa da maiƙo, ta yi kauri, ta yi laushi. Yawancin mata, tsakanin shekara 45 da 55, wannan sinadari yakan ragu ƙwarai, al'ada ta riƙa tsallake watanni, har ta ɗauke. In an yi wata 12 cur ba a ga jini ba, to ta ɗauke ke nan. A cikin shekara 5 na farko bayan haka, fata takan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na zaren da ke riƙe ta, wanda ake kira kolajin. Sai ta yi sirara, ta bushe, ƙaramin ƙwarzane ya daɗe bai warke ba. Majemanmu na Maraɗi sun fi kowa sanin wannan: fatar jar akuya komai kyanta, in ba a ba ta mai ba, tsagewa take yi in an lanƙwasa. To, ta mutum ma haka.

Sa'an nan ku dubi ƙasar da muke zaune. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da rigar da aka shanya kafin a gama wanke ta biyu, haka take shanye danshin jiki. Mace ta tashi da asuba ta hura wuta, ta yi wanke-wanke da toka ko Omo, ta yi alwala da ruwan sanyi, ta fita iska da hannu a jiƙe. Budurwa jikinta yana mayar da maiƙon da ya tafi kafin yamma. Na dattijuwa ba ya iyawa. Waɗanda ke zuwa biɗa Kwatano ko Abijan sukan ce can ƙaiƙayin ya yi sauƙi, da sun dawo gida ya tashi, har su zargi wani a cikin dangi. Ba kowa ba ne, iskar bakin teku ce mai laima.

Maganin farko ba a kanti yake ba, a banɗaki yake. A rage wanka da sabulu zuwa sau ɗaya a yini. In zafi ya dame ki, ko gumin dare irin na wannan shekaru ya jiƙa ki, watsa ruwa zalla, ba laifi. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafin da ke sa fata ja ba, don ruwan zafi yana narkar da maiƙon jiki yadda yake narkar da na tukunya. Sabulun wanki na tufafi ne. A nemi sabulun wanka marar ƙarfi, marar yawan turare, a sa shi inda jiki ke tara gumi, watau hammata da ƙarƙashin nono da matsematsi da ƙafa. Ƙwauri da baya da hannuwa ba su bukatar a dirje su kullum. Soso kuwa, na san da wuya ku rabu da shi, ni ma na sha fama, amma a sassauta hannu.

Na biyu shi ne mai, kuma nan ne mata da yawa ke kuskure. Ana fitowa wanka a goge jiki ƙarƙaf, a sha iska, a yi hira, sa'an nan a shafa mai a busasshiyar fata. Mai ba ya kawo ruwa, rufe ruwa yake yi, kamar faifai a bakin tulu. Saboda haka a dangwale jiki da zane kaɗan, tun da sauran danshi a shafa man nan take. Man kaɗe yana da kyau ƙwarai, ga shi ana samunsa a kasuwanninmu. Baselin fari marar turare ya fi kowane riƙe ruwa, ga araha. Man gyaɗa da man riɗi da man aduwa duk suna yi in ba a sami waɗancan ba, muddin ba su yi ɗaci ko wari ba. A ajiye ɗan gwangwani kusa da buta, duk bayan alwala da wanke-wanke a shafa a hannu da ƙafa. Mai faso a diddige ta jiƙa ƙafa da dare, ta goge kaushin a hankali da dutse, ta cika tsagar da baselin, ta sa safa ta kwanta. Kada a yanke kaushi da reza. Na ga ƙafar da ta ruɓe ta dalilin haka.

Akwai man da nake roƙon ku da Allah ku nisance shi, man nan na ƙara hasken fata. Da yawansu suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi da ke ƙara sirantar da fata, wasu har da zaiba mai lahanta ƙoda. Fatar da shekaru suka riga suka rage mata kauri, in aka ɗora mata wannan, sai ta riƙa tsagewa, ƙuraje su samu ƙofa. Ƴan uwa masu dawowa daga tafiya, ku daina kawo shi tsaraba. Haka kuma man ƙaiƙayi na bututu da ake saya wurin mai tebur: yana kwantar da susa kwana biyu, amma in an daɗe ana shafawa ba da umurnin likita ba, ɓarnarsa ɗaya da wancan.

Yanzu zan rage murya. Bushewar nan ba ta tsaya a ƙwauri ba, tana kai wa ga gaban mace, ta ji zafi ko raɗaɗi wajen kwanciyar aure, ta fara gudun shimfiɗa, maigida ya ɗauka ƙi ne. Aure da yawa ya yi tsami a kan haka ba wanda ya furta. Kayan matsi da ake cusawa ƙara bushewa suke yi, wanke ciki da sabulu ma haka. Akwai ruwan santsi da ake sayarwa a kantin magani, akwai kuma man estorojin da likita ke rubutawa bayan ya duba. Ku je ku tambayi ungozoma, ta ji irin wannan sau ɗari.

Amma kada jawabina ya sa a ce kowane ƙaiƙayi na shekaru ne. In mutanen ɗaki duka suna susa da dare, da ƙuraje tsakanin yatsu, wannan ƙazuwa ce, kuma gidan duka ake yi wa magani. In akwai tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, a je a duba kuturta. Tana warkewa, maganinta kyauta ne. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari da gyambon da ya ƙi rufewa, a auna sukari. Ido ya yi rawaya tare da ƙaiƙayi, hanta ce ake tuhuma. In an yi wata guda ana shafa mai yadda na faɗa ba sauƙi, a je likita. Wanda ya fi duka: jinin da ya dawo bayan ya ɗauke shekara guda, ko ɗigo ɗaya ne, ba al'ada ba ce. Kada a jira kaka, kada a jira ɗa ya aiko kuɗi, a tafi asibiti a makon nan, don wani lokaci alamar ciwon daji ce ta mahaifa, kuma da wuri ake cin ƙarfinsa.

Iyayena maza, ku yi mini gafara, saura taku. Duk wata kuna aika kuɗin hatsi da na magani, amma ban taɓa jin wanda ya sa man shafawar tsohuwarsa a lissafi ba, ita kuwa ba za ta roƙa ba. Gwangwanin man kaɗe bai kai kuɗin goron da wasunku ke ci a mako ba. Motar da za ta tafi gida kafin ɗari ya shigo, a sa shi cikin kaya, tare da sabulun wanka da safa biyu.

Bayan an tashi zan zauna a ɗakin baya. Duk mai tambayar da ba ta son yi a gaban jama'a ta same ni can.