Kusurwa Ta Huɗu

Karatu: Markus 2:1-12

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa na ƙasar Shanono, na wajen Faruruwa da Leni da Kokiya da Alajawa, da duk inda muryata ta kai a wannan safiya. Sannunku da aiki, sannunku kuma da haƙuri.

Labarin da muka karanta sananne ne, har yaran makarantar Lahadi sun iya shi. Yesu yana koyarwa cikin wani gida a Kafarnahum, gidan ya cika maƙil, ko bakin ƙofa babu wurin sa ƙafa. Sai ga waɗansu sun ɗauko wani shanyayye a kan shimfiɗarsa. Da suka rasa hanya sai suka hau kan soro, suka buɗe rufin, suka zura shi a gaban Ubangiji. Rufin gidajen ƙasar ba shi da bambanci sosai da namu, itace ne a jere kamar azara, a bisa kuma ƙasa. Don haka duk wanda ya taɓa yaɓen soro ya san irin ƙurar da ta zubo a kan mutanen da ke zaune a ciki ran nan. Nakan yi tunani, wa ya gyara wa mai gidan rufinsa daga baya? Littafi Mai Tsarki bai faɗa ba, amma zatona su ne dai suka komo da kwaɓaɓɓiyar ƙasa.

Matiyu da Luka su ma sun ba da wannan labari, amma Markus kaɗai ne ya ƙirga mana masu ɗaukan. Su huɗu ne. A kan wannan ƙirge nake so mu tsaya yau. Shimfiɗa kusurwa huɗu gare ta. In mutum ɗaya ya ce zai ɗauka, sai dai ya ja ta a ƙasa. In mutum uku ne, kusurwa ɗaya za ta karkace, mai ciwo ya zame. Hausawa sun riga sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bari in ba ku labarin kaina, ko da yake ba labarin yabo ba ne. Shekarun baya, ina aikin bishara a wani ƙauye na wannan ƙasa, akwai wani dattijo cikin masu bi na fari a wurin. Shi ya ba da kara da ciyawar da aka rufe ɗakin sujada na farko. Idonsa ya fara dushewa, a hankali ya daina zuwa. Kowace Lahadi muna ambaton sunansa cikin addu'a. Kowace Kirsimeti muna aika masa da mudun shinkafa da ɗan nama. Ni kuwa a raina na ɗauka mun sauke nauyi. Wata rana bayan girbi hanya ta bi da ni ta ƙofar gidansa, na yi sallama. Da ya ji muryata sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe ka san hanya?"

Na durƙusa na ce, "Baba, ka gafarce ni."

Abin da na gani a gidan har yau bai bar ni ba. Gefe ɗaya na ɗakinsa ya zube tun da damina. 'Ya'yansa maza biyu suna ci-rani a kudu. Jikanyarsa, yarinyar da ba ta wuce shekara 10 ba, an cire ta daga makaranta ta zama 'yar jagora, ita ce dafa abinci, ita ce kai shi bayan gida. Ruwan da yake sha kuwa, wata maƙwabciya Musulma ce take aiko ɗanta da tulu kowace safiya. Matar nan ba ta taɓa jin Markus sura 2 ba, amma ta riƙe kusurwarta, mu masu wa'azin sura 2 muka saki tamu.

Daga baya muka haɗa kuɗin mota, wani saurayi ya raka shi Kano. Ashe yana ce ta rufe idon. Aka yi masa aiki, ido ɗaya ya buɗe, yarinyar ta koma makaranta. Shekara 3 dattijon nan ya yi cikin duhu, abin da ya rasa kuwa kuɗin mota ne da mai rakiya.

Kada ku ce wannan na mutum ɗaya ne. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya duka daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 84 cikin 100 na makantar da aka samu, da an iya hana ta ko a warkar da ita, kuma yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43. Asibitin ido na ECWA a Kano, wanda mishan na SIM suka buɗe a 1943, an yi shi ne domin irin waɗannan, kuma daga Shanono, ko ta Gwarzo ko ta Bichi, ba tafiyar yini ba ce. Ina roƙonku, kada ku bar masu yawo ƙauye-ƙauye su tura wa tsohonku yana cikin ido da tsinke. Idanu da yawa sun mutu ta wannan hanya, waɗanda da likita ya iya cetonsu.

To, me ya sa irin wannan take faruwa a cikinmu, mu da aka san mu da zumunci? Dā akwai gandu. Uba da 'ya'yansa suna noma gona ɗaya, rumbu ɗaya ake ɗiba, tsoho ba ya tunanin abin da zai ci. Akwai kuma gayya. In gonar wani ta fi ƙarfinsa, sai a sa rana, a dama fura da kunu, makaɗi ya zo, samari su shiga da garma, kafin azahar an gama. Yanzu gonaki sun rarrabu sun ƙanƙance, noma ya koma na ƙwadago, mai kuɗi shi ke samun hannu. Da an sa hatsi a rumbu samari sun kama hanyar Legas da Abuja da Fatakwal. Ban ga laifinsu ba, neman halali suka tafi. Amma shimfiɗar da mutum huɗu suke ɗauka dā, yau an bar wa mutum ɗaya, yawanci kuwa mace ce, ko suruka ko ƙaramar jika. Ita ma in ta gaji ta yi tsaki, sai mu ce ba ta da tarbiyya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022, mutum 1 cikin kowane 6 a duniya yana da wata naƙasa mai nauyi. Ka ƙirga ikkilisiyarku. In ku 60 ne, ya kamata a ce akwai wajen mutum 10. Ina suke ranar Lahadi? Waɗansu matakala uku na bakin ƙofa ne suka hana su shiga. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Mu bai kamata mu jira doka ta tuna mana ba. Buhun siminti biyu da aikin Asabar ɗaya sun isa a yi gangare inda keken gurgu zai hau.

Yanzu ga abin da nake roƙo, ba kuwa sabon abu ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka fara tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci na kullum, manzanni ba su tsaya ga yi wa jama'a gargaɗi su ƙara ƙauna ba. Sai aka zaɓi mutum 7, aka san sunayensu, aka danƙa musu aikin, cikinsu har da Istifanas. Aikin da aka ce na kowa ne, kowa yakan zaci wani ya yi. Saboda haka dattawan ikkilisiya su zauna da Zumuntar Mata da Zumuntar Matasa, a ɗauki littafi, a rubuta sunan kowane tsoho da tsohuwa da makaho da gurgu da kurma da ke unguwar, na cikin ikkilisiya da na waje. A gaban kowane suna a rubuta sunaye huɗu. Ɗaya ruwa da itace. Ɗaya gona da gyaran ɗaki da danga, shi ne zai kira gayya lokacin noman firi da maimai. Ɗaya asibiti da magani. Na huɗu kuwa, aikinsa zama ne kawai.

Wannan na huɗun shi ne aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi wuyar samu. Mutum ya zo ya shimfiɗa buzu, ya yi sa'a guda ana hira, ya karanta wa tsoho Zabura, ya saurari labarin da ya riga ya ji sau biyar. Ya ba mai jinya dama ta je kasuwa ko ta yi barci. In mai ciwon ba ya iya juyawa da kansa, a taimaka a juya shi, domin kwanciya a gefe ɗaya ita ke kawo gyambon da ba ya jin magani. Dattijon da na ba ku labarinsa bai ce mini, ina shinkafa ba. Hanya ya tambaye ni. Zumunta dai a ƙafa take.

Ku lura kuma da yadda Yesu ya yi da mutumin. Ya ga bangaskiyar masu ɗaukan, amma da shi shanyayyen ya yi magana, ya kira shi ɗa. Mu sau da yawa mukan tsaya a kan makaho muna tambayar ɗan jagoransa ko ya ci abinci, sai ka ce kunnensa ma ya tafi tare da idon. A ƙarshe kuma Ubangiji ya sa shi ya ɗauki shimfiɗarsa da kansa. Wanda aka ɗauko ya koma gida da kaya a kafaɗa. Makafin ƙasar Hausa tun dā su ne gwanayen tufkar igiya. A birnin Kano ƙungiyar waɗanda shan-inna ta naƙasa su ne suke ƙera kekunan guragu da hannunsu. Makarantar makafi ta Gindiri, tun daga 1953, ta yaye malamai da masu wa'azi. A Tudun Maliki a Kano akwai makarantar kurame da makafi. In kana da ɗa kurma a gida kana ɓoye shi don kunya, ɗan'uwa, ka zalunce shi. Tsohuwar da ba ta iya zuwa gona tana iya ɓarar gyaɗa, tana iya saƙar faifai, tana iya koya wa amare abin da littafi ba ya koyarwa. A saya mata kaba, a sayi faifan, kada a ce sadaka ce.

Akwai wata magana mai ɗaci da ba zan tsallake ba. Tsohuwa takan kai shekarun da za ta manta sunan ɗanta, ta fita da dare tana surutu, a tsince ta a bayan gari. Wannan gigin tsufa ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ƙafa take ciwo. Amma na ji da kunnena masu bi suna raɗa cewa mayya ce. A Yahaya sura 9, da almajirai suka nemi wanda za su ɗora wa laifin makantar wani mutum, Ubangiji ya ƙi ba su. Duk ikkilisiyar da ta bar aka jefi tsohuwa da kalmar maita, dattawanta za su ba da lissafi.

Na ce sannunku da haƙuri tun da farko, kun kuma san dalili. A ƙarshen shekara ta 2025 'yan bindiga suka riƙa ƙetarowa daga iyakar Katsina suna kai hari a ƙauyukan wajen Faruruwa, mutane da yawa suka bar gidajensu. Ranar gudu mai ƙafa shi ke tsira. Kurma ba ya jin ihu, makaho bai san inda aka nufa ba, tsoho ya ce ku tafi ku bar ni. Ku tuna Mefiboshet ɗan Jonatan, a Sama'ila ta biyu sura 4. Yana da shekara 5 aka ɗauke shi a guje cikin firgita, ya faɗi, ya gurgunce har ƙarshen ransa. Saboda haka mutum huɗun nan su yi shawara tun ana zaune lafiya. Wa zai buga wa kurma ƙofa? Amalanken wa zai ɗauki Iya? Babur ɗin wa zai koma ya ɗauko Baba, kuma gidan wa za a kai shi a Shanono ko a Gwarzo? A faɗa wa mai unguwa, a haɗa kai da maƙwabta, domin masifar ba ta tambayi addinin kowa ba.

Wataƙila kana saurarona kana cewa, ni ba ni da ko sisi. Mutanen nan huɗu, ba a ce sun kashe ko anini ba. Igiya suka samo, suka ba da yininsu. In an buɗe littafin nan ran Lahadi, ka ce a rubuta sunanka a gaban sunan wani.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, muna kawo maka tsofaffinmu na ƙasar Shanono, da makafi da guragu da kurame, da waɗanda suke kwance ba mai juya su. Muna kawo maka surukai da jikoki da suka gaji da jinya, ka ba su hutu ta hannunmu. Ka sa wa maƙwabtan da suka riga mu alheri albarka. Ka tsare 'ya'yanmu da ke ci-rani, ka komo da waɗanda suka bar gidajensu lafiya. Ka gafarta mini shekara ukun nan, ka gafarta wa duk wanda ya san ƙofar da ya daɗe bai yi sallama ba. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.