Zirin Ƙasan Allo: Abin da Kwamfuta Ke Faɗa Mana Ba Mu Sauraro



Da yawa daga cikinmu mun fito kwalejin ilimi da alli a hannu. Yau ga shi an ce tambayoyin jarrabawa da sakamakon zango sai a buge da kwamfuta. Mun karɓi aikin, amma har yanzu idonmu tsakiyar allo kaɗai yake kallo, inda rubutu ke fitowa. Akwai wani siririn ziri a can ƙasan manhajar Microsoft Word da ke ba da labarin takardar da muke bugawa, kuma shi muke so mu tattauna a kansa yau.

Bari mu fara da abin da ya same mu a zangon da ya wuce. Mun zauna buga jarrabawar aji huɗu, rubutun ya yi mana ƙanana, domin idon ɗan shekara arba'in da 'yan kai ba na da ba ne. Sai muka ƙara girman baƙaƙen daga 12 zuwa 20. Takardar da ya kamata ta tsaya a shafi biyu ta koma biyar, ga yara fiye da sittin a ajin. Sai a shagon buga takardu muka farga, kuma daga aljihunmu cikon kuɗin ya fito. Da mun dubi kusurwar hagu ta zirin nan, da mun ga yawan shafuka yana hauhawa. A kusurwar dama kuwa akwai ma'aunin zuƙowa, wanda ke tafiya daga kashi 10 zuwa 500 cikin ɗari. Shi yana ƙara girman abin da ido ke gani ne kawai, ba ya taɓa abin da firinta za ta fitar. Wanda ya danne maɓallin Ctrl ya murza ƙafar linzami zai sami biyan buƙata iri ɗaya.

Zirin nan ba a kulle yake ba. Idan muka ɗora linzami a kansa muka danna ɓangaren dama, jeri zai buɗe na abubuwan da za mu iya sawa ko cirewa: lambar shafi, lambar layi, yawan kalmomi, harshe, da alamar da ke nuna an kunna manyan baƙaƙe. A ganinmu yawan kalmomi ya fi komai amfani ga malamin firamare. Mai shirya labarin auna fahimta sai ya shafa labarin da linzami, nan take zirin ya gaya masa kalma nawa ke ciki, ya san ko ya fi ƙarfin ɗan aji uku.

Sai batun harshe, inda mu masu koyar da Hausa muka fi shan wahala. Kowa ya san jan layin nan mai lanƙwasa da ke bin kusan kowace kalmarmu. Ba kuskure muka yi ba. Manhajar ce ke auna Hausarmu da ƙamusun Turanci. A danna sunan harshen a zirin, a zaɓi umarnin da ke hana duba ƙa'idar rubutu, jan layin zai kau. Amma daga nan gyaran ya dawo wuyanmu kacokan.

Babban abin da ke damunmu shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa. Mun ga takardun jarrabawa da aka rubuta kasa a maimakon ƙasa, da kafa a maimakon ƙafa, sannan mu ne za mu dawo mu rage wa yaro maki don bai sa ƙugiya ba. Wannan ba adalci ba ne. Windows na da tsarin madannai na Hausa da za a iya ƙarawa. Wanda bai samu ba, a cikin Word sai ya buga 0199, ya shafa lambar, ya danna Alt tare da X, za ta rikiɗe ta zama ƙ. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. A rubuta su a ɗan kati a manna kusa da kwamfutar ofis.

Masu ajiye sunayen ɗalibai a Notepad su ma su lura da nasu zirin, wanda ake kunnawa daga View. A ƙarshensa na dama yana nuna tsarin da za a adana rubutun. Idan UTF-8 ne, babu damuwa. Idan ANSI ne, baƙaƙenmu masu ƙugiya ba za su tsira ba, sai a buɗe fayil a tarar sunan Ɗanladi ya lalace, kuma irin wannan kuskure kan bi yaro har cikin takardar shaidarsa.

Muna roƙon shugabannin reshe su ware rabin sa'a a taro mai zuwa, masu kwamfutar hannu su zo da ita, kowa ya gyara zirinsa da hannunsa kafin lokacin buga jarrabawar ƙarshen zango ya kawo jiki.