Zakka Da Wakafi: Me Achida Ta Ajiye Wa Gobenta?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maƙasudin zamanmu na yau shi ne wata tambaya da muke yawan ji a Achida da ƙauyukanta duk lokacin da aka yi rabon kayan taimako: "Mu yaushe namu zai iso?" Tambaya ce ta haƙƙi, ba mu raina ta ba. Amma muna so mu ɗora wata a kanta: mu me muka ajiye?

Kowa ya san cewa a shekarar 2007 aka kafa kwamitin zakka da wakafi a Jihar Sakkwato, a 2016 kuma doka ta mayar da shi cikakkiyar hukuma. Malam Muhammad Lawal Maidoki ya jagorance ta shekaru masu yawa. Ta biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani, ta kai masu taɓin hankali asibitin Kware, ta raba wa marayu abinci da tufafi a watan azumi da lokacin Sallah ta hannun kwamitocin gundumomi. Kano ma ta kafa tata Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu da alheri.

To, amma ya 'yan'uwa, jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta, buƙatun yankinmu kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Mun ga ambaliyar 2010 da ta cinye gidaje da gonaki a ƙasar Goronyo. Mun ga mutanen Tabanni sun kwararo Gandi, cikin ƙasar Rabah, a 2018. Mun ji abin da ya auku a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan musibu ta bar marayu da matan da suka yi takaba. Babu hukumar da za ta ɗauke wannan kaya ita kaɗai daga birni. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A nan ya wajaba mu bambanta abu biyu da muke cuɗawa. Zakka farilla ce, kuma Allah da kanSa Ya ƙayyade mutum takwas da ake ba wa ita, a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. A mazhabar Imamu Malik ba a gina masallaci ko a haƙa rijiya da kuɗin zakka, domin haƙƙin mabuƙaci ce, a hannunsa ake sa ta. Manomin da ya sami wasaƙi biyar, wato sa'i 300, na gero ko dawa ko shinkafa, zai fitar da ɗaya bisa goma idan ruwan sama ya shayar da gonar, ko rabin haka idan da injin ban-ruwa ya yi wahala. Ɗan kasuwa kuma, idan dukiyarsa ta kai nisabi ta shekara, zai fitar da ɗaya bisa arba'in. Asali kuwa a inda aka fitar da zakka a nan ake raba ta. Ke nan shinkafar fadamar Wurno, talakan Wurno ne farkon mai haƙƙi a cikinta.

To, rijiya fa? Ajin Islamiyya da rufinsa ke yoyo fa? Albashin malamin da ke karantar da 'ya'yanmu fa? Ƙofar waɗannan ita ce wakafi, wanda malamanmu ke kira hubusi. Ma'anarsa a tsare asalin dukiya, ba sayarwa, ba kyautarwa, ba gādo, amfaninta kuma ya riƙa gudana ga al'umma. Haka Manzon Allah (SAW) ya shawarci Sayyidina Umar ya yi da gonar da ya samu a Haibara. Haka Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Buhun hatsi wata guda ya ƙare. Gonar wakafi kuwa kowace kaka sai ta ba da buhu, mai ita yana kabari ladansa na isa gare shi.

Kada wani ya ɗauka baƙon abu muka zo da shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riƙi Wurno ribaɗi kuma a can ya rasu a 1837, ya bayyana a littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Umarun Dallaji na Katsina, cewa tanadar wa jama'a kasuwanni da hanyoyi da masu sana'a yana cikin aikin shugabanci. Muna zaune kusa da kabarinsa, muna alfahari da sunansa. Shin mun gāji himmarsa?

Saboda haka muna kira ga abu uku.

Na farko, duk wanda Allah Ya hore wa, ya tsayar da wani abu tun yana da rai: kadada guda a fadama, ko rumfa a kasuwar Achida, ko itatuwan mangwaro goma. Kada a raina kaɗan. Mutum ashirin na iya haɗa kuɗi su sayi shago guda su mayar da shi wakafi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, a rubuta. Wakafin baki, da zarar mai shi ya kwanta dama sai magada su ce ba su san zancen ba. A yi takarda gaban liman da hakimi da shaidu, a faɗi iyakokin gonar, da wanda zai kula da ita, da abin da za a yi da amfaninta. A kai kwafi ga kwamitin zakka na gunduma.

Na uku, amana. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau nawa muka tara kuɗi a ƙofar masallaci, aka watse, har yau ba wanda ya karanta mana lissafi? Wannan shi ke kashe zuciyar mai bayarwa. Duk wanda aka damƙa wa dukiyar al'umma ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a, aƙalla sau ɗaya a shekara. Kuma a wajen rabo ba ɗan ƙungiyarmu, ba ɗan jam'iyyarmu, ba ɗan ɗakin wane. Yunwa ba ta tambayar maraya masallacin da ubansa ke salla.

Ya 'yan'uwa, kaka na zuwa kowace shekara, amma ba kowa ke ganin ta gaba ba. Kafin a ɗaure buhu a kai rumbu, kowa ya auna, ya fitar da haƙƙin Allah, sa'an nan ya dubi abin da zai bari yana gudana a bayansa.

Allah Ya tsarkake dukiyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.