Asibiti Ba Abin Kunya Ba Ne: Jawabi Ga Jama'armu Ta Gomari

 

Mu dai ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne. Amma wanda ke zaune bakin rumfa tun safe har magariba yana ganin abin da na cikin gida bai gani ba. A da, idan aka ce yaro ya lalace, wiwi ake nufi ko sholisho. Yanzu kuwa kaya sun yi yawa: tiramol, kodin, roci, da wata ƙwaya Exol wadda asalinta maganin asibiti ce, ga kuma ais da aka fara gano wurin dafa shi a Legas a 2011. Tiramol da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ke yawo a hannun yara har 225 ake samu. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan binciken da BBC ta nuna. To, an toshe ƙofa, sai aka shigo ta taga. A 2025 sai ga labarin Tafrodol daga Indiya, ƙwaya biyu aka gama wuri guda.

Binciken da aka fitar a 2019 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Iyaye mata, ku riƙe wannan.

Abin da ya tara mu shi ne magani. Mu faɗa wa juna gaskiya, idan yaronmu ya kamu me muke yi? Mu kulle shi a ɗaki, ko mu tura shi gidan mari a can gida, a sa masa sarƙa. Ai ba mu manta ba, a watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Kulle yana da haɗarin da yawancinmu ba mu sani ba. Wanda jikinsa ya saba da roci, idan aka yanke masa dare ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya, har ta kai ga rai. Mai tiramol kuma ciwon gaɓoɓi da zawo da rashin barci za su taso masa, sai mu ce iskoki ne. A asibiti a hankali ake janye jiki daga abin, ana ba da magani, ana zama da shi ana tattaunawa, a kira iyaye su ma a yi masu bayani. Idan kuma ya koma sha bayan an sallame shi, ba a ce an yi asara ba, komawa ake yi, kamar mai hawan jini.

Kuma ba nisa za mu yi ba. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya nan kan hanyar Baga. Mun sani, kunya ce ke hana mu, kada a ce ɗan wane yana asibitin mahaukata, mu da muke zaune cikin 'yan uwanmu Barebari muna tattalin suna. Amma sunan da muke tattali ya fi zubewa ranar da aka tsinci yaro kwance a kwata. Hukumar NDLEA, wadda aka ba Janar Buba Marwa, tsohon gwamnan Barno, shugabancinta a 2021, ita ma ba kamu kaɗai take yi ba. A 2022 ta buɗe layin waya na kyauta domin masu neman shawara ba tare da an san su ba.

Malamai, ba mu ce a bar addu'a ba. A Islamiyya aka koya mana cewa neman magani ba ya warware tawakkali. A yi rubutu, a yi tofi, amma a kai yaro.

Saura mu 'yan kasuwa. Yaron shagon da aka sallamo daga asibiti, idan muka ƙi mayar da shi bakin aiki, majalisar da ya baro ita za ta karɓe shi. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su ware wani abu daga kuɗin wata domin kuɗin mota da na magani ga gidan da ba shi da hali, a kuma sa dattawa biyu su riƙa rakiya, ba tare da an ambaci sunan kowa a taro ba.