Ƙananan karfasa na tafkin Bosomtwe

Tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 daga Kumasi, ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa. Duwatsu sun kewaye shi, don haka kifin da aka kwashe babu wani babban ruwa da zai maido da madadinsa. Masunta na can, waɗanda ke hawa gungumen katako suna tuƙi da hannu, sun daɗe suna kukan kamu ya ragu. Raga mai ƙananan idanu na cikin dalilan, domin tana kwashe karfasa tun ba ta kai ga yin ƙwai ba.

Wani zai ce ɗumamar yanayi ce, kuma masunci talaka ne, iyali na jiransa. Gaskiya ne. Amma zafin ruwa ba a hannunmu yake ba, faɗin idon raga kuwa a hannunmu yake. Tun 2016 UNESCO ta sa tafkin cikin wuraren da ake karewa, sai dai takarda ba ta tsare ruwa. Iyayenmu mata da ke cinikin kifi a Zongo da Kejetia, in kuka ƙi sayen ƙanana, masunci zai daina kamo su.