Jawabin Bikin Cika Shekara: Abin da Muke Nema a Wurin Masu Binciken Wake

Iyayenmu dattawa, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwa fatake maza da mata, barkanmu da sake ganin wannan rana.

Bana maganarmu a kan wake ce da danginsa, wato lubiya da adasiya, kayan da muke saye a Maiurno, Sinnar, Singa da Damazin mu kai bakin iyaka. A Turai da Kanada yanzu akwai masana'antun da ke tace sinadarin gina jiki daga wake suna yin abinci a madadin nama. Indiya kuma tana sayen adasiyar Sudan. Kasuwa tana nan. To, in masu bincike suka tambaye mu inda za su fara, me za mu ce?

Na farko, ajiya. Ba wanda bai taɓa kwance buhu ya tarar ƙwari sun rarake wake ba. Tsoron haka ke sa wasu barbaɗa magani fiye da kima. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Manoman Najeriya da Nijar suna amfani da buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Muna so a gwada shi a zafin Jazira, a kuma samar da shi da araha.

Na biyu, iri. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 bai bar rumbun iri na Hukumar Binciken Noma da ke Wad Madani ba. Abin da ya saura a hannun manomanmu dukiya ce, a tattara shi kafin ya salwanta. A ƙasar kakanninmu, cibiyar Samaru ta Zariya ta fitar da SAMPEA 20-T a 2019, wake mai jure tsutsa. Mu ma muna bukatar irin da aka gwada a gonakinmu.

Na uku, sarrafawa. Ribar tana wurin mai sayar da gari, ba wurin mai kai tsaba ba. A taimaka wa matanmu da ƙananan injinan ɓarewa da niƙa, garin ƙosai da na alala ya daɗe bai lalace ba.

Mu ma da namu aikin. Daga kakar bana, kowa ya rubuta buhu nawa ya saya, nawa ƙwari suka ɓata, nawa aka dawo masa da su. Sakatare zai haɗa lissafin mu kai Jami'ar Jazira, domin hujja ta fi kuka shiga kunne.

Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya sa albarka a fataucinmu. Wassalamu alaikum.